"Ba Komai" Ɗin da Aka Rubuta wa Maigidana

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa. Sai in ɗora miya in rasa ko na sa gishiri, in kira jikata da sunan uwarta. Amma abin da aka yi wa maigidana a filin koyon babur, Allah ya jiƙansa, wannan yana nan daram a ƙirjina, kuma na san da shi za a kai ni kushewa. Har yau in na tuna sai hawaye, in hawayen ya tsaya sai ɓacin rai ya karɓa.

Da shanu maigidana ya sauko birnin Kwatano daga arewa, yana saurayi. Da fataucin ya ƙi, sai ya nemi babur, ya sa rigar nan rawaya ta masu haya, ya shiga zemijan, wato ɗaukar mutane a babur. A kan wannan sana'a ya aure ni, a kanta muka aurar da 'ya'yanmu. Tun garin nan yashi ya fi kwalta yawa yake tuƙi. Da gwiwa ta fara damunsa ya rage fita, sai ya koma koya wa masu son shiga sana'ar a lungun bayan gidanmu, nan cikin Zongo, unguwarmu ta Hausawa. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda bai girme su da komai ba.

Yana da irin tasa koyarwa. In mai koyo ya zagayo, ba ya tambayarsa yaya tuƙin. Yakan ce ɗan Zongo ko ƙafarsa ce ta karye ka ce masa yaya, lafiya lau zai ce maka. Sai ya zaunar da mutum a benci, ya miƙa masa ruwa, ya ce, "A ina gabanka ya faɗi?" In ya ce a kwana, to gobe kwana za a yi ta yi har rana ta take. In ya ce wajen kama birki ne, sai a koma birki. Ni ina ƙofar gida ina suyar waina ina jinsu, har na haddace: a kan yashi kada ka damƙe birkin gaba, kada ka kalli abin da kake tsoro, kalli inda kake son zuwa. Ban taɓa riƙe kan babur ba, amma da baki kam na iya tuƙi.

To akwai wasu masu hali, ma'aikatan biro, wato ofis, na wajen unguwar Kajehun, masu manyan babura irin waɗanda ƙararsu ke girgiza kwanon rufi. Sun samu fili a bayan gari, suka zagaye shi da tsofaffin tayoyi, ran Lahadi su je su yi ta gudu don jin daɗinsu. Daga baya suka ce za su ware safiya don sababbin hannu, saboda yawan haɗari a titi. Shugabansu da kansa ya zo ƙofar gidanmu, ya cire takalmi, ya ce sun ji labarin Baba, suna so ya riƙa koya wa mutanen Zongo a filinsu. Ban ce sun zo da mugun nufi ba, Allah na gani. Suka ba shi usur da wata riga mai ƙyalli. Ranar ya shigo ɗaki da ita yana juyawa, ya ce in duba masa ko ta zauna. Na ce ta zauna, saura a ba shi bindiga ya tare hanya. Ya yi dariya har da tari.

Cikin waɗanda ya fara kaiwa akwai ɗan maƙwabciyata. Ni da matar nan bango ɗaya ya raba mu, shekara da shekaru tana sayar da koko ina sayar da waina a inuwa ɗaya, wanda ya sayi nawa sai ya sayi nata. Ɗan nata magidanci ne mai 'ya'ya biyu, mahauci, kasuwa ta yi masa nauyi yana so ya koma zemijan. Ita ta riƙo hannunsa har gaban maigidana, ta ce, "Baba, ga amana."

Mutanen filin suna da wata al'ada da suke alfahari da ita. Kowace Lahadi in an tashi, sakatarensu zai zagaya da takarda, ya tambayi kowane mai koyarwa da mai koyo abin da ya gani da abin da ya kamata a gyara, ya rubuta, mutum ya sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Wai da haka wuri ke gyaruwa. Sakataren mutumin kudu ne, da Faransanci ya tashi, amma ya tsinci Hausa a kasuwa wajen sayen nama da ragon suna, shi ya sa aka bar masa mutanenmu. Maigidana kuwa Faransancinsa na titi ne, dama da hagu da ina za ka. Abin takardar nan ya burge shi ƙwarai. Ya ce mini, mutanen nan suna tambaya, wanda ke tambaya ba ya ɓata.

Abu biyu suka tsaya masa a rai tun Lahadin farko. Na ɗaya kwana ta uku, wadda ke gangare. Damina ce, ruwa na kwaso yashi ya shimfiɗa a kanta siriri, ido ba ya gani sai taya ta hau. Na biyu, zagayen ƙarshe. Sai su saki masu koyo tare da manyan babura, wai don su saba da titi. Kowace Lahadi in ya dawo yana cin abinci, sai ya ce yau ma ya gaya musu. Har tsintsiyata ya riƙa ɗaurewa a bayan babur, ya je da sassafe ya share kwanar da hannunsa, dattijo mai ciwon gwiwa. Na ce masa, Malam, in ba su ji ba ka daina kai musu 'ya'yan mutane. Ya ce in yi haƙuri, ya ga sakataren yana rubutawa, shi kuma ya dangwala, abin da ya shiga takarda ba ya faɗuwa ƙasa. Manya ne, sai sun zauna sun duba.

Lahadi ta bakwai aka yi ruwa da hantsi, bayan ya riga ya share. Da ruwan ya ɗauke yana can ɗaya gefen filin yana nuna wa wani yadda ake tayar da babur a gangare, sai aka busa usur na zagayen ƙarshe. Ɗan maƙwabciyata ya shiga kwana ta uku, tayar gaba ta zame, ya faɗi. Wani babban babur na biye da shi a guje, ya bi ta kan ƙafarsa. A asibiti likitoci suka ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Maigidana ya shigo gida da jinin yaron a rigar nan mai ƙyalli, ya zauna a bakin gado, ko ruwa ya ƙi sha.

Bayan kwana kaɗan dattawan unguwa suka kira zama a zauren babbansu. Mata ba ma shiga, amma ina tsakar gidan tare da matan dattijon, komai a kunnena. Shugaban filin ya zo shi kaɗai da jaka, sakataren bai zo ba. Ya fito da takardu shida, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya fassara. Wai kowace Lahadi an tambayi mai koyarwa, kowace Lahadi ya ce babu abin faɗa. Da ya nuna musu haɗari da sun gyara, ai don haka suka ƙirƙiro takardar. Maigidana ya miƙe, ya rantse da Allah ya faɗa, sau shida ya faɗa. Sai wani dattijo, abokinsa da suke sahu ɗaya a masallaci, ya ɗaga takarda ya ce, "Malam, wannan yatsanka ne ko ba naka ba?" Ya ce nasa ne. Daga nan ba wanda ya ƙara tambayarsa komai.

Kun san bakin Zongo. Kafin la'asar magana ta zaga cewa Baba ya ga yashi ya yi shiru don kada a ƙwace masa usur. Mutumin da ya tsufa yana hana 'ya'yan wasu faɗuwa. Maƙwabciyata ta ɗauke teburin kokonta ta koma tsallaken hanya, in na gaishe ta sai ta duba tukunya. Bencin bayan gida ya koma wurin kwanan awaki. Maigidana ya daina salla a masallacinmu, ya riƙa jan gwiwarsa zuwa wani mai nisa inda ba a san shi ba. Sau biyu ya je duba yaron, sau biyu aka ce masa yana barci.

Wata rana da ciwo ya fara kwantar da shi, ina shafa masa man zafi a ƙafa, na ce, Malam, wai yaya ka gaya wa yaron nan mai takarda daidai? Ya ce, "To yaya kuwa? Ya ce, Baba akwai matsala? Na ce a'a, ba komai, alhamdu lillahi, mun gode da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Sai dai kwanar nan ta uku." Ya ce daga nan yake jero masa komai, har yadda za a tare ruwan da buhunan ƙasa. Na ji maganar da kunnena, ban ga komai a cikinta ba. Ai haka ɗan mutunci ke magana. Wa zai shiga wurin mutane, sun karrama shi, ya fara da ƙorafi?

Bai kai wata damina ba. Wajen alwalar azahar ya faɗi, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce hawan jini. Ni na san abin da ya hau da jinin. Mutane sun zo gaisuwa, ba laifi, amma wadda muka yi rabin rayuwa a inuwa ɗaya ba ta tako gidana ba. Wannan ya ci ni fiye da yadda zan iya faɗa.

A cikin takaba ne Allah ya buɗe mini ido. Ina gyara akwatinsa na ga ɗaya daga cikin takardun nan da ya taho da ita daga zauren, ya ninke ta a cikin rigar salla. Ni ban yi boko ba, baƙi da fari kawai nake gani. Amma na ga wurin amsar fili ne fetal, sai wasu 'yan haruffa uku a tsakiya, ga yatsansa a ƙasa. Na kai wa wata 'yar haya a gidanmu mai aikin jinya. Ta ce haruffan nan taƙaitawa ce ta Faransanci, ma'anarsu babu abin da za a faɗa, su ma haka suke rubutawa in majinyaci ya kwana lafiya. Na koma ɗaki na zauna. Jim kaɗan wata ta shigo gaisuwa, tana ba ni haƙuri ba ta zo da wuri ba, sai na ji bakina ya ce mata ba komai. Ni da zuciyata ke ci kamar garwashi. A nan na gane. Yaron nan mai takarda kalma biyun farko ya ji, ya rubuta, ya rufe kunnensa. Maigidana da ya san ɗan Zongo ba ya amsa tambayar kai tsaye, shi ma da aka yi masa ita, irin amsarmu ya bayar.

Ranar da na fita takaba Alhamis ce. Lahadi na yafa mayafi, na tare wani tsohon ɗalibinsa mai zemijan na ce ya kai ni filin. Ya yi ta roƙona, wai Mama a bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma Allah ya ba ni baki, ja mu je.

Na tarar da su ana ta zagaye, ƙara kamar za ta fasa kunne. Shugaban ya gane ni, ya taho da sauri yana ta'aziyya, ya sa a kawo kujera da lemo mai sanyi. Na ce ba zama ya kawo ni ba, a kira mini mai takarda. Ya zo yana murmushi, alƙalami a aljihu. Ban riga na san ta inda zan fara ba, sai ga wani mai koyo, ɗan unguwarmu, yana turo babur yana ɗingishi, gwiwar hannunsa ta saluɓe jini na bin yatsunsa. Na ce da sakataren ya yi masa tambayar da ya saba yi. Ya dubi shugabansa, shugaban ya gyaɗa kai. Sakataren ya ce da mai raunin, "Akwai matsala?" Bawan Allah nan ya ɓoye hannun a bayansa, ya ce a'a, ba komai, alhamdu lillahi.

Na ce, "To rubuta mana. Ga jini na ɗiga a ƙasa, rubuta babu abin faɗa, ya dangwala maka da jinin."

Murmushin ya ɗauke. Mutane suka fara kashe babura suna matsowa. Na juya wajen mai raunin na ce, ɗana, zauna. Na miƙa masa lemon da aka kawo mini, ya kurɓa, sannan na ce, a ina gabanka ya faɗi? Ya ce a kwana ta uku. Wani daga baya ya ce shi ma. Wani ya ce shi kullum in ya iso wurin salati yake yi. Wani ya ce shi abin da ke tsorata shi shi ne jin babban babur a bayansa. Mutanen da aka yi watanni ana rubuta musu babu abin faɗa, sai ga shi baki ya ƙi rufuwa. Ashe bayan an yanke ƙafar mutum, bayan an binne maigidana, kwanar tana nan yadda take, ba wanda ya ko share ta tun da mai tsintsiya ya tafi.

Na dubi sakataren na ce ya gaya mini tsakaninsa da Ubangijinsa, in Baba ya ce ba komai, shiru yake yi ko yana ci gaba da magana? Ya sunkuyar da kai. Ya ce yana ci gaba, mai tsawo ma. Ya ce shi ya ɗauka gaisuwa ce, tsofaffinmu in suka fara godiya ba sa ƙarewa, shi kuma mutane da yawa na jiransa.

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, "Hausarka ta nawa ne da rage mini ce, da ita ka auna maganar dattijo? Wa ya roƙe ku ku tambaye shi? Ku kuka kawo tambaya, ku kuka kawo takarda, kuka tsaya a kansa yana zuba muku abin da ya tara tun ba a haife ku ba, kuna kallon bakinsa kamar kukan tsuntsu. Da aka zo neman mai laifi kuma, ku masu lakwal, kuka ɓuya a bayan yatsan wanda bai iya karanta abin da ya dangwala ba." Kuka ya ci ƙarfina, na zauna a kan wata taya.

Shugaban ya durƙusa a gabana, ya ce wallahi bai sani ba, takarda kawai yake gani. Na ce ai shi ne laifin. Ya tambaye ni me nake so a yi. Na ce inda aka ɓata sunan nan, can za a gyara shi. Zauren nan, dattawan nan, kuma mai takarda ya faɗa da bakinsa, da Hausar tasa ta kasuwa, yadda kowa zai ji.

Sun zo ran Juma'a bayan an sauko. Wannan karon ban tsaya a tsakar gida ba, na zauna a bakin ƙofar zauren, ba wanda ya ce in tashi. Sakataren ya faɗi komai, yana in'ina. Dattijon da ya ɗaga takarda a wancan zama ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai ɗago ba har aka shafa fatiha. Na ji daga baya sun sake tsari a filin. An raba masu koyo da manyan babura, an tare ruwan kwanar, kuma yanzu wani haifaffen Zongo ke zaunar da mutane bayan kowane zagaye yana jin ta bakinsu, a karanta wa mutum abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. Wai suna yabon kansu a kan haka. Su yi ta yi. Ni na san abin da aka biya kafin su koyi sauraro.

Kwana uku bayan zaman, da hantsi, na ji sallama a ƙofar ɗakina. Maƙwabciyata ce, ɗanta na bayanta a kan sanduna. Ta durƙusa, ta yi mini gaisuwar da ta makara wata biyar, ta ce in yafe mata. Na gaya mata yadda ya riƙa tambayata ko ta leƙo, yadda ya je ƙofarsu sau biyu ya dawo yana share ido da hannun riga. Na bar ta ta ji duka, ta yi kukanta, ɗan ma ya yi. Sannan na ce na yafe, don na san da yana nan tun kafin ta rufe baki zai yafe.

Abin da wannan ya koya mini, ina faɗa wa duk mai koyar da wani ko mai riƙe da takarda: in ba za ka tsaya jin ƙarshen magana ba, kada ka yi tambaya, don tambayar da ba a saurari amsarta ba ta fi shiru cutarwa. Mu kuma namu, ladabi abu ne mai kyau, a kansa aka raine mu, amma inda rai ko ƙafar wani ke kan hanya, a fara da abin da ke kisa, gaisuwa ta biyo baya. Sunan maigidana ya wanku a Zongo, yau in an ambace shi addu'a ake yi. Sai dai shi bai ji ba. Ya tafi yana zaton unguwar da ya yi wa hidima ta ɗauke shi maci amana, kuma wannan babu zaman dattawan da zai gyara mini shi.